Amsa ga mai son koyon zanen ɗigo-ɗigo da waya kaɗai

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanenmu da ya rubuto daga Yamai yana tambaya ko zai iya koyon zanen piksel, wanda muke ce wa zanen ɗigo-ɗigo, alhali hannunsa bai faɗa da zane a takarda ba, kuma waya kaɗai gare shi, babu kwamfuta. Ƙanena, za ka iya. Na daɗe ina wannan aiki a nan Tawa, kuma yawancin waɗanda na ga sun watsar da shi ba rashin kayan aiki ya kore su ba. Babban fili, wato shafin da ake zane a kai, suka buɗe tun ranar farko, suka ɗebo launuka barkatai, aikin ya fi ƙarfinsu.

Fara da fili mai ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance, da launi huɗu. Kada ka raina shi. Ƙaramin Mario, jarumin wasan bidiyo na 1985, a cikin irin wannan fili yake zaune, da launi uku kacal. Tun a wasan Donkey Kong na 1981 Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙire shi, ya sa masa hula da gashin baki, domin babu wurin da za a zana gashin kai da baki su fito sosai. Game Boy, abin wasan bidiyo na hannu da ya fito a 1989, kuwa allonsa ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, launinsa mataki huɗu daga haske zuwa duhu. Ƙarancin wuri shi ke tilasta maka ka zaɓi abin da zai sa a gane hoton, ka bar sauran. Wannan zaɓin shi ne sana'ar gaba ɗayanta, kuma ba ya buƙatar hannun da ya iya jan layi. Ido yake so, da haƙurin ƙirga, irin na mai ɗinkin hula da ke bin zare ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ma ka taɓa waya, sayi kaye mai ƙananan gidaje irin na lissafi, ka kewaye gida 16 da 16, ka riƙa cikewa da fensir. Susan Kare, wadda ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984, a irin wannan takarda ta fara fitar da su. Ga shi kuma ba ruwan takarda da ɗaukewar wuta ko ƙarewar caji a lokacin zafi.

A cikin manhajojin wannan zane, a waya akwai Pixel Studio. Piskel kyauta ne, a intanet ake buɗe shi. Ran da ka samu kwamfuta, LibreSprite kyauta ne, Aseprite na kuɗi. Ɗauki ɗaya ka zauna a kansa.

Inda nake so ka daɗe shi ne layi. Idan za ka ja layi a karkace, zai fito kamar matakala, to matakansa su zama daidai: ɗigo biyu, biyu, biyu. Da ka yi biyu, ɗaya, uku, ido zai ga gargada ko da mai kallo bai san dalili ba. Idan lanƙwasa ce, matakan su ragu a jere, uku, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan su ƙaru a jere. Ka kuma duba kusurwoyi: duk inda ɗigo ya taru ya sa layi ya yi kauri ba da niyya ba, goge shi. Gwajin da nake ba kowa shi ne tutarmu ta Nijar. Ratsin ruwan lemo da fari da kore minti ɗaya ne, amma da'irar tsakiya za ta nuna maka ko ka gane matakai. Bayan ita ka zana butar shayi, goro, ƙwarya, kuros ɗin Agadas. Na fi son ganin waɗannan a kan takubba da dodannin da kowa ke kwaikwaya, don abin da kake gani kullum ka san surarsa, za ka gane da kanka idan ta karkace.

Fara kowane hoto da baƙi zalla, surar abin kawai. Idan ba a gane buta ce ba a haka, launi ba zai cece ta ba. Sai ka tsai da inda haske ke fitowa, a ce daga sama ta hagu, inuwa ta faɗi ƙasa ta dama. Sabbin shiga sukan zagaye gefen hoto duka da duhu su bar tsakiya da haske, abin ya fito a kumbure. Kuma inuwa ba ƙara baƙi ba ce kawai: ja ta kaɗan wajen shuɗi, hasken kuma wajen rawaya, nan take hoton zai yi rai. Motsi ka ɗan dakata da shi tukuna. Idan lokacinsa ya yi, hoto biyu na tururi yana tashi daga bakin buta sun isa farawa.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mutane aiki mai kyau: ajiya. Ajiye da nau'in fayil na PNG, ban da JPEG, don JPEG yana dama gefen ɗigo. Kafin ka tura, ƙara girmansa ninki cikakke, kamar sau 10 ko 20, ka kashe zaɓin da ke sulɓe hoto. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya dushe.

Yi butar nan a cikin makon nan, 16 da 16, launi huɗu, ka turo mana nan. In sha Allahu zan yi maka alama a kan ɗigon da ya kamata ka matsar, in faɗa maka dalili.