Me ya sa sararin da ke kewaye da rana ya fi fuskarta zafi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce wani kumbo na Amurka ya "taɓa rana", kuma wai wurin da ya shiga zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana kanta ba ta kai dubu shida ba. Abin ya ɗaure mini kai. Mun san idan mutum ya ja da baya daga wuta, zafi raguwa yake yi. To yaya nesa zai fi kusa zafi? Kuma yaya aka yi kumbon bai narke ba?

Amsa: Barka kadai. Ba kai kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba, don sama da shekara tamanin ke nan masana taurari suna fama da wannan tambaya, kuma alkaluman da ka ji daidai ne. A can cikin cibiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15 a ma'aunin Salshiyos. A fuskarta, wato farin da muke gani, wajen 5,500 ne. Idan ka ɗan haura kilomita 500 sama da fuskar, sai ya ƙara sauka zuwa wajen 4,000. Har nan hankali ya ɗauka. Daga nan ne abin ke juyawa: zafin ya fara hawa a hankali, sannan a cikin wani siririn tsakani ya yi tsalle ya wuce miliyan. Wannan sashe na sama shi ake kira korona. Babu ruwansa da cutar nan. Kalmar Latin ce mai nufin kambi, kuma shi ne farin hasken da ke bayyana kewaye da wata a lokacin cikakken husufin rana.

Yadda aka gano zafin ma labari ne. A husufin 1869 masu bincike suka rarraba hasken korona zuwa launukansa, sai suka ga wani koren layi da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Aka ɗauka sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna koroniyam. An yi shekara kusan saba'in a kan wannan zato, kafin Walter Grotrian na Jamus da Bengt Edlén na Suwidin su warware shi tsakanin 1939 da 1942. Ashe baƙin ƙarfe ne kawai, amma wanda aka fige: kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tana da ƙananan ƙwayoyi 26 masu kewaya ta da ake kira ilektron, wannan kuwa ta rasa 13. Ba abin da zai yi wa ƙarfe irin wannan figa sai zafin da ya haura miliyan.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ta fi sauƙi. Ka taɓa tsayawa kusa da mai goge ƙarfe da inji, tartsatsi ya faɗo maka a hannu? Kowane ɗigon tartsatsin ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, amma sai ka ji ɗan tsikari ya wuce. Ruwan kuwa, cokali ɗaya ya isa ya sale fata. Ma'aunin zafi yana faɗa maka irin gudun da ƙwayoyin abu suke yi ne, ba yawansu ba. Ƙwayoyin korona suna gudun fitar hankali, amma a warwatse suke ƙwarai, kaɗan ne ke bugun kumbon. Abin da ya fi yi masa barazana shi ne hasken rana kansa, shi ya sa aka yi masa garkuwa ta kabon mai kaurin santimita 11 da ɗoriya, wadda za ta jure kusan digiri 1,400. A inuwarta, na'urori suna zaune a wajen digiri 30.

Sai babbar tambayar. Misalinka na wuta gaskiya ne, zafi ba ya gangarowa daga wuri mai sanyi zuwa wanda ya fi shi zafi. Ke nan ba fuskar rana ce ke gasa korona kai tsaye ba. Dole akwai abin da ke ɗauko ƙarfi daga ƙasa a wata siffa dabam, ya haura da shi, sai ya isa sama ya sauke shi ya zama zafi. Masana sun yi ittifaƙi cewa wannan ɗan dako maganadisu ne. Fuskar rana tafasa take yi ba dare ba rana, ƙulle-ƙulle masu faɗin kilomita dubu ko fiye suna tasowa suna nutsewa cikin 'yan mintuna. Layukan maganadisu kuwa saiwarsu na cikin wannan tafasa, kansu na can cikin korona. Duk motsin da aka yi a ƙasa, sama sai ta ji.

Inda aka rabu shi ne yadda ake sauke kayan. Wasu suka ce igiyar motsi ce. Ka kama bakin doguwar igiya ka kaɗa, za ka ga motsin ya bi ta har ɗaya bakin. Hannes Alfvén, shi ma ɗan Suwidin, ya nuna a 1942 cewa layukan maganadisu suna iya ɗaukar irin wannan kaɗawa, kuma ya sami lambar Nobel a 1970. Wasu suka ce a'a, murɗewa ce: layukan suna nannaɗe juna kamar zaren da ya cukurkuɗe, har su tsinke su sake haɗewa, kowace tsinkewa ta saki ɗan ƙaramin fashewa. Eugene Parker na Jami'ar Shikago ne ya tsaya a kan wannan a 1988, ya ce fashe-fashen sun yi ƙanƙanta a gan su ɗaya-ɗaya, amma yawansu ya isa.

Parker ɗin nan shi ne ya ce a 1958 rana tana feso iska mai ɗauke da caji zuwa ko'ina. Masu tantance takardarsa suka ƙi ta, sai da editan mujallar, Chandrasekhar, ya sa baki aka buga. A 1962 kumbon Mariner 2 ya tabbatar da maganarsa. Kumbon da kake tambaya a kai sunansa aka sa masa, Parker Solar Probe, kuma shi Parker ɗin yana da shekara 91 ya je ya ga tashinsa da idonsa ranar 12 ga Agusta, 2018. Sau bakwai kumbon ya gifta ta kusa da Zara, matar wata, yana amfani da ƙarfin janta don ya ƙara matsawa kusa da rana. A Afrilun 2021 ya fara kutsawa cikin korona, abin da aka kira taɓa rana ke nan. Ranar 24 ga Disamba, 2024 ya kai kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, yana gudun kilomita 692,000 a awa. Mu nan muna nisan miliyan 150.

Abin da ya fara ba masana mamaki a awon kumbon shi ne wasu lanƙwashe-lanƙwashe a layukan maganadisu, layi ya karya ya koma baya ya sake miƙewa kamar harafin S, kuma da yawan gaske. A Fabrairun 2022 aka yi sa'a: kumbon Parker ya ratsa wani kwararon iskar rana a kusa, bayan kwana biyu kumbon Turai mai suna Solar Orbiter ya ratsa wannan kwararon a can nesa. Da aka gwada awon biyu, sai aka ga ƙarfin kaɗawar ya ragu, iskar kuma ta ƙara gudu, zafinta bai sauka yadda ya kamata ba, kuma abin da aka rasa can ya yi daidai da abin da aka samu nan. An buga sakamakon a Agustan 2024. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ra'ayin Alfvén suka taɓa samu. Sai dai a lura, iskar da ta riga ta kama hanyar fita aka auna, ba gindin korona ba.

Su ma masu ra'ayin Eugene Parker na ƙananan fashe-fashe ba su tashi hannu rabbana ba. Hotunan farko da Solar Orbiter ya aiko a 2020 sun nuna ƙananan walƙiya birjik a gindin korona, faɗinsu daga kilomita 400 zuwa 4,000, wasu daƙiƙa goma kawai suke yi su mutu. Ko jimillarsu ta isa ta riƙe zafin korona, lissafin da ake ta yi ke nan. Ni dai na fi karkata ga cewa duka biyun suna aiki, gwargwadon wuri: kaɗawa ta fi tasiri inda layukan suka buɗe suka miƙe sararin samaniya, tsinkewa kuma inda suka lanƙwaso suka koma cikin rana. Ba ma a raba su sarai, don tsinkewar kanta tana haifar da kaɗawa.

Abin da ya daɗe yana hana a yanke hukunci shi ne auna maganadisun korona kai tsaye, domin hasken korona kashi ɗaya ne cikin miliyan na hasken fuskar rana. A 2024 madubin hangen rana na Inouye da ke kan dutsen Haleakala a Hawai, mai faɗin mita 4, ya fitar da taswirar ƙarfin wannan maganadisu. A Disambar shekarar kuma Turai ta harba Proba-3, taurarin ɗan'adam biyu da ke tafiya da tazarar mita 150, ɗaya yana tare wa ɗaya rana. Husufin da a doron ƙasa ba ya wuce minti bakwai da rabi, su suna ƙirƙirarsa na tsawon awa shida.