Tambaya da Amsa: Gadon Sarki Tanimu na Damagaram

Tambaya: Malam, mu ɗaliban unguwar Birni ta garin Zinder muna gardama kan sarkin da ya fi yi wa Damagaram aiki. Wasu na cewa Tanimu ne, wasu kuwa Amadu Kuran Daga. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Ɗana, a ganina Tanimu ne ya kafa ƙarfin da na bayansa suka gada. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka riƙa ƙera manyan bindigogi a cikin gari, sannan ya ƙarfafa fataucin Sahara, har ayarin Tarabulus da Agadas suka riƙa sauka a Zango. Kafin rasuwarsa a 1884, Damagaram ta kai matsayin da mubaya'arta ga Barno ta yi rauni ƙwarai. Amma gaskiya ta wajaba: cinikin bayi yana cikin tushen wannan arziki, kuma bai dace mu ɓoye hakan ba.

Kuran Daga kuwa jarumtakarsa ce ake tunawa. A zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898, Kuran Daga ya kuma fuskanci rundunar Faransawa a Tirmini, kusa da Zinder, a 1899, shekarar da aka kashe shi.