Tsohon Injin Dizal Ko Sabo?

Malam, ka ce Land Cruiser ta hannu kake nema don zirga-zirga tsakanin garin Gadarif na Sudan da gonaki, wane inji ya fi? Ɗauki tsohon, 1HZ ɗin nan mai silinda 6, lita 4.2. Ba turbo, ba kwamfuta, bakaniken bakin hanya ma zai kwance famfon mansa ya ɗaura.

Sabon ya fi ƙarfi, ba musu. Sai dai man durom da muke saya a ƙauye, ga ruwa ga ƙura, shi ke kashe nozul ɗinsa, wato abin da ke fesa mai cikin injin. Da damina tawa mai sabon injin ta mace min cikin taɓo, sai tarakta ce ta jawo ta gari. In a kwalta kawai za ka riƙa hawa, kana shan mai a gidan mai, to sabon ba laifi.