Bi da bi a faɗan wasan tebur ba jiran sara ba ne

Ɗan'uwa, ka ce abin da ya ɗaure maka kai a wasan labari da dayis na Dungeons & Dragons shi ne yadda jarumi zai tsaya ƙiƙam yana jiran layinsa, abokin gaba na zabga masa takobi, kuma ka tambaya ko akwai dokokin da suka fi kama da faɗan gaske. Na daɗe ina jan wasa a teburinmu, wato ni ke ba da labari ina tafiyar da abokan gaba, bari in faɗi abin da na gani.

Ba tsaye yake ba. A bugu na biyar na D&D, wanda ya fito a 2014, zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne, kuma duk abin da mutum biyar suka yi a zagayen cikin daƙiƙa 6 ɗin nan guda suka yi shi. Mu da ke zaune ne ba za mu iya magana lokaci ɗaya ba, shi ya sa ake jera mu. A tsohon bugun wasan mai suna AD&D ma zagaye minti ɗaya ne cur, jefa dayis sau ɗaya kuma ba sara ɗaya yake nufi ba. Dubi 'yan dambe: a yi ta zagaye, a auna, a yi barazana, a ja baya, kafin hannu ɗaya ya sami shiga. Wannan hannun da ya shiga shi dayis ke faɗa maka, sauran an bar wa bakin mai jan wasa. Kada ka manta wasan daga Chainmail na 1971 ya tsiro, dokokin yaƙin runduna ne da 'yan mutum-mutumi, ba a gina shi don ƙirga kowane motsin wuyan hannu ba.

Masu son filla-filla sun yi nasu wasannin. RuneQuest na 1978, wanda Steve Perrin ya jagoranci rubutawa, kuma shi mutum ne da ya saba karawa da sulke da garkuwa a ƙungiyar SCA ta masu kwaikwayon faɗan zamanin da, ya sa tsawon makami cikin lissafin wanda zai riga kai hari. Mai mashi yakan riga mai wuƙa. Kana iya tare sara da garkuwa, sulke yana rage rauni, kuma dayis na nuna inda aka same ka. In ƙafa ta tafi, ka faɗi. GURPS na 1986 ya mayar da layin kowa daƙiƙa ɗaya, wanda aka kai wa hari kuma shi ma yana jefa dayis ya goce ko ya kare. The Riddle of Steel na 2002 ya ba ka tarin dayis ka raba tsakanin hari da kariya, in ka zuba duka a hari ka bar kanka a buɗe. Suna da daɗi, amma da tsada. Mun taɓa cinye kusan duk yamma a kan faɗan da a cikin labari bai kai rabin minti ba, har mai riƙe da maharbi ya koma danna waya.

Ni a ganina ba a bi da bi ƙaryar take ba. Wuri biyu take. Na farko, jarumin D&D da ya rage da makin rai 1, wato saura sara ɗaya ya faɗi, yana sara da ƙarfin wanda ko ƙwarzane bai samu ba. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, babu mai jin tsoro. 'Yan fashi shida su tare hanya, a kashe biyar, na shidan ya ci gaba da faɗa a kan jakar da ba tasa ba. Wane ɗan fashi ne wannan? Mutum na ganin na kusa da shi ya faɗi, ƙafa yake nema.

Abin mamaki, tsohon bugun wannan wasa mai suna Basic na 1981 ya riga ya magance wannan. Kowane dodo yana da lambar ƙarfin zuciya daga 2 zuwa 12. Idan na farko a ɓangarensu ya mutu, da kuma idan rabinsu sun zube, mai jan wasa ya jefa dayis biyu masu fuska shida. In jimlar ta haura lambarsu, su arce ko su miƙa wuya. Goblin, wani ƙaramin dodo, 7 gare shi, ka ga ba ya daɗewa. Da na dawo da wannan doka teburinmu, 'yan wasa suka fara neman shugaban abokan gaba tun farko, suka fara ihu da tsoratarwa, suka shiga gardamar abin da za a yi da wanda ya ajiye makami.

Shawarata, kada ka sauya wasa tukuna. Ɗauki dokar tsoron nan ka ɗora a kan abin da kuke bugawa. Sannan ka daina barin mutum ya yi minti biyar yana nazarin taswira idan layinsa ya zo. Ƙirga masa zuwa goma, in bai yi magana ba jaruminsa ya tsaya a kariya, layi ya wuce. In bayan haka mutanenka har yanzu suna son sanin ko a gwiwa aka sare su ko a kafaɗa, to ku gwada RuneQuest, amma kowa ya zo da jarumi na biyu a rubuce.