Sojan c4 aro ne, ba kyauta ba

Tambaya: Malam, a gasar darar chess ta makarantarmu ni ne mai baƙaƙen 'ya'ya. Abokin karawata ya buɗe da sojan gaban sarauniya, ya kai shi d4 (harafi da lamba irin wannan sunan gida ne a kan allon), na tare da d5, sai ya miƙo mini sojan c4. Na ci, na kuma kare nawa da b5. Kafin in ankara hasumiyata ta a8 ta tafi. A ina na kuskure?
Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ɗana, sannu da shan kashi. Ni ma wannan ramin ya taɓa haɗiye ni, a gaban jama'a kuwa, har da mai yi mini tafi don tsokana.

Ko ba ka aiko da takardar wasan ba, na san yadda aka yi. Ya taka e3, ka taka b5, ya soko a4, ka tokare da c6. Ya ci a b5, ka rama da sojan c. Sai sarauniya ta fito f3. Dubi layin da ya karkata daga f3 zuwa a8: d5, c6 da b7 duk fayau, kai da hannunka ka kwashe sojojin da ke wurin. Abin da ya fi dama-dama shi ne ka jefa doki c6 a cinye shi a madadin hasumiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Cin sojan ba laifi ba ne, manyan 'yan wasa suna yi. Riƙe shi ne laifin. Mai fararen 'ya'ya ya ba ka ne don sojanka ya bar tsakiya, kuma zai karɓi abinsa. To bar masa. Kai fito da doki f6, taka e6, sannan ka taka c5 ka daki d4.

Amma da ni ne, tunda yanzu ka fara shiga gasa, sai in ƙi ci, in taka e6 in zauna daram. Wasu na cewa wannan wasan matsorata ne. Ban yarda ba. A 1927 Capablanca da Alekhine sun kara a Buenos Aires kan kambun duniya, wasa 34, kuma 32 daga ciki da wannan buɗewar aka yi su. Alekhine ne ya tafi da kambun.

Wani karon ka haɗo da takardar da kuka rubuta wasan, in ga abin da ka yi bayan hasumiyar ta tafi.