Muryar amsa: "Na jawo Clock bai fito a allo ba"

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanwata, na saurari muryarki tun da la'asar, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce a App Inventor, wato dandalin haɗa manhajar waya, kin jawo Clock da TinyDB kin saka a kan hoton wayar ba su fito ba, wani maballi kuma ya ɓace, ga buloki, tubalan umarnin da ake haɗawa, a warwatse da alamar rawaya, har kina shirin goge komai ki sake daga farko. Don Allah kada ki goge tukuna. Abubuwa uku ne daban, kowanne da maganinsa.

Na Clock da TinyDB ba matsala ba ce sam. Su dama ba su da jikin da za a gani. Clock lokaci yake ƙirgawa, TinyDB kuma ajiya yake yi a cikin wayar, haka ma Notifier da Sound. Ki duba ƙarƙashin hoton wayar a Designer, ɓangaren da ake tsara fuskar manhaja, za ki gan su jere a wurin da aka rubuta Non-visible components. Can ne mazauninsu, suna nan suna jiran ki ba su aiki a ɓangaren Blocks, inda ake haɗa buloki.

To maballin da ya ɓace, a nan nake so ki natsu. Kada ki neme shi a hoton wayar, ki je jerin Components da ke gefe. In sunansa yana nan, to bai tafi ko'ina ba. Ki taɓa shi ki duba Visible, zaɓin da ke nuna shi ko ɓoye shi, wataƙila kin cire alamar ba ki sani ba. Akwai wani ɗan akwati a saman hoton wayar na nuna abubuwan da aka ɓoye, ki kunna shi, zai bayyana. In kuma Visible ɗin lafiya yake, to ina zargin TableArrangement, akwatin da ke jera abubuwa gida-gida kamar jadawali. Shi in abu biyu suka faɗa gida ɗaya, na ƙarshe kaɗai ake gani, ɗayan yana ƙarƙashi a danne. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina neman maballin "Aika" a wata manhajar lissafin kanti, ashe wani rubutu ne ya hau kansa. Tun daga ranar na fi son HorizontalArrangement da VerticalArrangement, masu jera abubuwa a kwance da a tsaye, in saka wani cikin wani, sun fi sauƙin bi.

Abin da ya sa na dage kada ki goge: in kika goge maballi a Designer, duk bulokin da ke haɗe da shi sai ya bi shi. App Inventor tana tambayarki kafin ta goge, amma mutane ba sa karantawa, sai su danna kawai. Aikin mako guda ya tafi. Kafin ki cire komai, ki shiga Projects ki yi Checkpoint, kwafi ne da za ki iya komawa.

Sai bulokin nan masu alamar rawaya. A nan ma'anarta ba a ɗaura su a ƙarƙashin wani abin da zai tashe su ba, kamar "in an danna maballi kaza". Bulokin da ke zaune shi kaɗai ba zai taɓa aiki a waya ba. Ja ita ce kuskure, rawaya gargaɗi ce, kuma adadinsu yana ƙasa ta hagu. Wanda kike ganin za ki buƙata gaba, ki jefa shi a jakar goyon nan ta sama, Backpack, za ki iya ɗauko shi ko a wani allon. Wanda kike gwaji da shi ki bar shi, in kin haɗa wayarki da Companion, manhajar gwaji a waya, sai ki danna bulokin da maballin dama na linzami ki zaɓi Do It, nan take za ki ga abin da yake bayarwa. Sauran ki kai su kwandon shara.

Abu ɗaya nake roƙonki, ki daina barin Button1, Button2 har Button9. Ki sa musu suna, MaballinAika, MaballinGoge. In kin gama dubawa ki turo mini hoton jerin Components ɗin nan, gobe da safe in Allah ya kai mu zan duba.