Amsa: Bes ya yi yawa, murya ta dushe

Malam, ka ce bes ya cika ɗaki da rugugi, muryar mawaƙi ba ta fita, ga kaifi yana sukar kunne. Kada ka taɓa ikwalaiza (abin da ke ƙara ko rage bes da kaifi) tukuna, fara duba waya. Ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi, a lasifikokin biyu. In ɗaya ta juye, bes sai ya zama ba ƙarfi, murya kuma ta daina fitowa daga tsakiyar lasifikokin.

Sai wurin ajiya, nan ne yawancin matsalar take. Lasifikar da aka manna da bango, balle a kusurwa, bes ɗinta kumbura yake yi. Jawo su gaba kamar santimita 50 zuwa 60, ka saurara, ka ƙara matsarwa. Tuwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ta daidaita da kunnenka a zaune, tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta yi daidai da nisansu da kujerarka. Ɗaki ma yana da nasa amo: raba 343 (mitocin da sauti ke tafiya a daƙiƙa ɗaya) da ninki biyu na tsawonsa. Mita 4 zai ba ka kusan 43 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), a wannan amon rugugin zai taru, shi ya sa kujera a jingine da bango take tsananta shi.

Kaifin kuwa galibi daga tayil da gilashi yake dawowa. Shimfiɗa kafet mai kauri, ka rataya labule.

Yanzu ka je ikwalaiza, ragewa za ka yi, ba ƙarawa ba. Sauke 200 zuwa 300 Hz da dB (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3, murya za ta washe. In akwai sabwufa, wato lasifikar bes zalla, saita mahaɗarta (inda take karɓar sauti daga sauran lasifikokin) a 80 Hz, ka rage ta har kunne ya daina gane inda take.